Sabo da sabo

A rubuce kalmomin nan biyu ba su da bambanci, kunne kaɗai ke raba su. Ta farko muryarta na farawa ƙasa ta hau sama, ita ce sabon da ake yi da mutum ko da wuri har a daina jin baƙunta. Ta biyu muryarta sama take daga farko har ƙarshe, ita ce kishiyar tsoho. Rubutun boko bai nuna karin sauti, shi ya sa mu ƴan sashen kimiyyar harshe na Jami'ar Abdou Moumouni muke shan ba da su misali. Ni dai a hutun da ya wuce na ga yadda ta farko ke bin ta biyu sannu a hankali, a hannun dattijon da ya shekara 30 shina gyaran jikin mota, bayan da ya sayo na'urar goge fenti.

Dattijon kawuna ne, ƙanen inna. Gidanshi na Matankari, garejinshi kuwa na Dogon Dutsi, bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso ta wuce Ƙonni. Mu a gida Duci muke cewa, don a bakin Arawa ts kan koma wajen c in wasalin i ko e ya biyo ta, kuma abin da Faransawa sunka ji ke nan sunka rubuta sunan garin yadda yake a taswira yau. Kullum da safe a kan moto muke tahowa, shi a gaba ni a baya, gonakin hatsi dama da hagu. Aikinshi bugun ƙarfe ne da cike lotsa da fesa fenti. Goge mota kuwa, can da, aikin yara ne. A ba su tsumma da gwangwanin mai, su uku su wuni suna murza har kafaɗa ta yi tsami, mota ta yi ɗan haske na sati biyu ta koma gidan jiya.

Abin da ya sa ya sayi na'urar ba sha'awa ba ce. Mafi yawan motocin da ke yawo a ƙasarmu tsofaffi ne daga Turai, can da ana sauke su tashar jirgin ruwa ta Kwatano, su hauro ta Malanbil su shigo ta Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 anka rufe iyakar Benin, kaya sunka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, mota ta yi tsada. Wanda da zai sayar da tashi ya sauya wata sai ya riƙe ta, ya nemi mai fito mata da fuska. Dillalai ma sunka koma juya motocin da ke cikin ƙasa. Kawu ya ga aikin na zuwa, hannun yara kuma bai iya ɗaukarshi. Ya sayar da raguna biyu, inna ta ranta mishi kuɗin adashinta ya cika, anka sayo na'urar a kasuwar Katako ta Yamai. Sharaɗin inna guda ne: a maido mata kuɗinta kafin a koma karatu, don da su za a yi mini kuɗin mota da na rajista. Ka ga ke nan ni ma ina da hannu a ciki, ko ban so ba.

Na rubuta na'ura don takarda. A gareji mashin ake ce mata, kuma mace ce, kamar yadda take a Faransanci: ta zo, ta yi zafi, ta ƙi tashi. Baƙo daga Najeriya in ya ji ana cewa a ɗauko mashin sai ya waiga wajen babur. Satin farko yara amarya suke kiranta, don kawu kan naɗe ta cikin zane ya kulle a akwati. Siffarta kamar injin yankan ƙarfe, nauyinta wajen kilo 3, tana da faifai a baki inda ake manna soso, da ɗan maɓalli mai lamba 1 zuwa 6. A lamba 1 faifan na juyawa kamar sau 600 a minti guda, a lamba 6 ya kai 3000. Soso iri biyu sunka zo da ita, na gashin tunkiya mai cin fenti da sauri, da na roba mai laushi don ƙarasawa. Akwai wata irin na'urar da faifanta ke juyawa shina rawa, wadda ba ta cika ƙona fenti ba, amma ta fi tsada. Tamu mai juyi ɗaya ce, mai saurin aiki da saurin ɓarna.

Aikina na farko tafinta. Takardar da ta zo cikin kwali da bidiyoyin YouTube duk da Faransanci ne ko Ingilishi. Da dare a tsakar gida nike riƙe salula, kawu na gefe, in an yi magana ya ce, “Ɗan nan, mi Anasara yac ce?” Ni kuma in juya mishi. A nan ne na san abin da fentin mota yake, kuma shi ne gindin maganar duka.

Fentin motar zamani hawa uku ne a kan ƙarfe. Akwai shimfiɗar ƙasa mai kama ƙarfe ta hana tsatsa, akwai launi, sai kuma wani ruwa garai kamar gilashi da ake fesawa a sama, wanda Faransawa ke kira vernis, a gareji kuma barni, don v ba ta cikin bakinmu. Kaurinsu duka da mikron ake aunawa, wato kashi ɗaya cikin 1000 na milimita. Motar da ta fito daga masana'anta fentinta gaba ɗaya bai cika wuce mikron 100 zuwa 150 ba, barnin kuwa tsakanin 35 da 50. Takardar nan da kake riƙe da ita, mai karatu, kaurinta wajen mikron 100 ne. To ka raba ta biyu a tsaye, ka ɗauki abin da bai kai rabi ba. Wannan shi ne duk filin da mai goge mota ke aiki a ciki, kuma shi ne ke tare rana kada ta cinye launi.

Ƙyalli kuwa ba wani abu ba ne da ake shafawa. In fuskar barni sumul take, haske na bugunta ya dawo ido a tare, sai ka ga fuskarka a jikin ƙofa. In ta cika da ƙananan karce, haske ya watse ko'ina, mota ta yi dishi-dishi. Mu kuwa ƙasarmu ƙasar karce ce. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada ta zuba a kan komi, a cikin ƙurar nan da rairayin dallol akwai ƙwayoyin da sunka fi barni tauri nesa ba kusa ba. Da safe ɗan aparanti ya ɗauko busasshen tsumma ya share mota don maigida ya yaba. Bai san rairayi yake murzawa a jikinta ba. Ruwa kuma na saye ne wajen ƴan garuwa, ba kowa ke yarda ya kashe bokiti biyu a kan mota kullum ba. Shekara biyar ta haka, ga rana ta watan Afrilu da Mayu mai wuce digiri 40, sai baƙar mota ta koma kalar toka.

Abin da na'ura ke yi shi ne ta kankare saman barnin kaɗan, har tudun da ke gefen karce ya sauko daidai da gindinshi. Ba ta cike rami, tudu take ragewa. Turawa gyaran fenti suke kiran aikin, haka kuma na faɗa ma kawu. Ya yi shiru, ya sa na maimaita bayanin, sannan ya ce, “To wanga ba gyara ba na. Aski na. Kuma askin da gashi ba ya sake tsirowa.” Daga ranar sunan amarya ya faɗi, yara sunka koma ce mata wanzamiya, barni kuma kawu ya raɗa mishi hwata. Tun da nike karanta darasin aron kalmomi ban ga misali mai kyau kamar wanga ba. Kalmar da na kawo daga takarda ta zauna a takarda, wadda ta fito daga fahimtar aiki ita ta kama bakin mutane.

Sani daban, hannu daban. Mutumin da ya shekara 30 shina dannawa da ƙarfi, guduma da faranti da tsumma duk ƙarfi suke so, sai ga abin da ke son a sakar mishi hannu. Faifan na juyawa gefe guda, in ka karkata shi kaɗan sai na'urar ta ja ka, ka karkata wancan gefen ta ja ka baya. Wanda bai saba ba sai ya ƙanƙame ta, ita kuma ta riƙa tsalle kamar ɗan maraƙin da anka sa ma igiya yau. Dole soso ya kwanta daidai, nauyin na'urar kaɗai ya isa, waya a saɓe a kafaɗa kada ta goga jikin mota, ƙafafu a ware, tafiyar daga ƙugu take fitowa. Ba a ɗaukar fili babba, kamu biyu a kamu biyu ya isa. A ɗiga mai kamar ƙwayar wake huɗu a soso, a baza shi a lamba 1, a hau 2 ko 3 a bi layi-layi, kowane layi ya hau rabin na baya, a tsaye sannan a kwance, a tsaya a share a duba.

Abin da ya fi yi ma kawu nauyi ba wannan ba ne. Yara shida ke ƙarƙashinshi, akwai wanda ubanshi ma a wurin ya koyi aiki. Maigida ba ya son na'ura ta yi tsalle a hannunshi gaban yaranshi. Sai ya sauya lokacin tashinmu. Muna sallame sallar asuba mu hau moto, mu isa gareji gari bai gama wayewa ba. Ya jawo wata tsohuwar ƙofar Corolla daga cikin tarkace ya ɗora a kan taya biyu, ni in tada gurup in riƙe fitila. Awa guda shina yi, kafin yara su iso ya naɗe wanzamiya ya mayar akwati, su iske shi zaune shina shan shayi. Sati biyu muna haka. Bai taɓa ce mini in rufe bakina ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

A rana ta huɗu ko ta biyar ya yi abin da babu a bidiyo ko ɗaya. Ya kai maɓalli lamba 6, ya aza soso wuri guda ya tsaya, ya ce in ƙidaya. Ban yi nisa da ƙidaya ba wari ya tashi, ya ɗaga, ga tabo kamar an ɗora dutsen guga, barni ya narke, launi ya tafi, shimfiɗar ƙasa ta leƙo. Ya shafa wurin da bayan hannu ya janye da sauri. “Yanzu na san inda taka kashewa,” in ji shi. Ya sake yi a kan kaifin ƙofar, nan ko daƙiƙa biyu ba a yi ba. Dalili kuwa fenti ya fi siranta a kan kaifi da lanƙwasa, kuma nauyin soso duka a kan ɗan siririn layi yake taruwa. Tun daga nan kowane kaifi sai an rufe shi da sikoc na takarda, in an zo kusa da shi a rage gudu. Kawu ya ce ai tun da can an faɗa, aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Parshok na roba shi ma sai da lallashi, don roba ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, wuri guda take tara shi. Doka ta fita daga wannan asubar: ba a aiki a rana, sai a rumfa, kuma bayan hannu ne alƙali. In bai iya zama a kan ƙarfe ba, a dakata.

Ni abin da ya fi jan kunnena shi ne yadda kalmomi sunka riƙa zuwa bayan hannu ya riga ya sani. Da kawu ya fara koya ma babban yaronshi, ba lamba yake faɗa mishi ba. Cewa yake in soso ya kwanta daidai kukanta luu yake, in ya karkata sai ka ji ɓar-ɓar, in mai ya bushe ta fara ƙyas-ƙyas, in gurup ya ja numfashi muryarta ta faɗi, to a ɗaga hannu. Ƙananan karcen nan masu zagaye da ake gani jikin baƙar mota a rana, saƙar gizo anka ce musu. Akwai kuma wani aibi da na'urar da kanta ke bari in an yi gaggawa ko an tsaya ga soson gashin tunkiya ba a bi da mai laushi ba. A inuwa ba ka ganin komi, mota sumul, in an fito da ita rana sai ka ga wasu layukan haske na bin ka duk inda ka gusa. Yara sunka ce masa wutsiyar aljani. Maganinta a sake bi da soso mai laushi da mai marar kaushi, a duba da fitilar salula a karkace kafin mota ta fita. Na cika shafi tara na littafina da irin waɗannan, ban iske ko ɗaya da wannan ma'ana a ƙamus ba.

Ba kowace mota ke da hwata ba. Ran nan anka kawo wata tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda anka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, shuɗiya. Ana aza soso ya rine ya koma shuɗi, yara sunka ja da baya. Kawu ko gezau. Fentin da hawa ɗaya ne, launi da ƙyalli a gauraye, abin da soso ya kwaso mataccen launi ne da rana ta ƙone, mai rai na ƙarƙashi. Nan tsohon saninshi ya yi mishi rana. Haka kuma gwajin farce: in ka ja farce a kan karce ya maƙale, ya wuce aikin wanzamiya, sai fenti. In ka zuba ruwa karcen ya ɓace har ruwan ya bushe, to cikin barni yake, zai fita.

Wajen ƙarshen hutu wani dillali ya kawo Hilux baƙa. Motar ta sha guga a wani wuri, ba sau ɗaya ba. A rufinta barni ya fara yin fari-fari kamar madara, a kaifin kapo har ya soma ɗagawa. Turawan bidiyo na da wani ɗan awo da suke mannawa a jikin mota ya faɗa musu mikron nawa ya rage. Mu ido gare mu da tafin hannu. Kawu ya zagaya ta sau biyu.

“Maigida, a sa mata mashin ta yi wal-wal, jibi za ni kai ta Ƙonni,” in ji dillalin.

“Alhaji, hwatat ta ƙare. In na sa mata mashin, yau tana ƙyalli, amma kahin bazara kapo ya ɓare awa albasa. In wanke ta in shahwa mata mai da hannu, ko kuwa a sake hesa kapo da ruhi.”

“Hesawa ai kuɗɗi na. Wanda zai saye ta mi yas sani?”

“Shi bai sani ba, ni na sani.”

Dillalin ya ƙara kuɗi, kawu ya ce a yi haƙuri. Ya ja motarshi ya tafi, kuma ba ita kaɗai ta tafi ba, don mutum ne mai kawo mota biyu ko uku a wata. A lokacin ko rabin kuɗin inna ba a haɗa ba, komawa karatu kuma saura sati uku. Har munka isa Matankari ba wanda ya ce uffan. Bayan isha'i ya shigo gidanmu ya zauna bakin tabarma ya kwashe labari ya faɗa mata, ya ce, “Yaya, kuɗɗinki za su yi jinkiri.” Inna na tsince wake, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, “Kuɗɗina na cikin mashin ɗin ga. In ka ci amana da ita, da ni anka ci. Ɗan lakwal shi yi haƙuri.” Na koma Yamai a makare da kwana goma, da kuɗin wake da gyaɗar da ta sayar.

A aji an koya muna tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, inda ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai. Saiwa ɗaya ce, ƙarshenta da karinta ke sauya ma'ana. Ka goga mai a jikin mota, wannan gida na 1 ne, ka sa mata wani abu. Ka goge ta, gida na 4, wanda ke nuna an yi abu har ƙarshe, kuma kalmar nan guda ita ce ta fito da haske, ita ce ta share rubutu daga allo har babu saura. Ta gogu, gida na 7, aiki ya kamu. Mutumin da ya daɗe cikin sana'a kuma gogagge muke ce mishi. Da can jeri ne na hardace don jarrabawa. A gareji na ga cewa tazarar da ke tsakanin goge ta fito da haske da goge ta sharewa ba ta kai kaurin rabin takarda ba, kuma gogagge shi ne wanda ya san inda zai ɗaga hannu.

Yanzu wanzamiya ta bar akwati, a rataye take jikin ƙusa kusa da guduma. Kawu na gama mota a wuni guda, shina aiki shina hira, ba ya duban maɓalli. Babban yaronshi ya fara taɓa ƙofofi da gefe, kapo da rufi da kaifi har yanzu na maigida ne. Duk wanda zai koya sai ya fara ƙona tsohuwar ƙofar nan da hannunshi, ta cika da tabo har an juya ta. Duk motar da ta fita kuma sai kawu ya kira mai ita da yaronshi ya yi musu gargaɗi ɗaya: kada a share ƙura da busasshen tsumma, a fara zuba ruwa ko da buta guda ce, a ajiye mota a inuwa in da hali, kuma kada a dawo da ita aski duk sallah. Wasu na mamakin mai sana'ar da ke korar ciniki da bakinshi. An biya inna kuɗinta cikin watan Disamba, bayan an kai amfanin gona gida. Littafina mai shafi tara kuwa na nuna ma malaminmu na nazarin ma'ana, ya ce in na je hutu mai zuwa in tafi da abin ɗaukar murya, in zauna wajen makanikai da masu walda su ma.